Yadda Ake Ƙera Adaftar Robar Fistin Ga Tsohuwar Bindigar Iska

Duk mai tsohuwar bindigar iska a yankinmu na Auyo da Haɗeja ya san abin da hunturu ke yi mata. Da damina tana bugu da ƙarfi, amma da iska ta bushe sai ka ji ta yi sanyi, dalmar ta fita da ƙyar, gafiyar da ka auna a gindin rumbu ta wuce abinta. Mutane kan ce sifirin ne ya mutu. Sau da yawa ba shi ba ne. Fatar da ke kan fistin, wato ƙarfen da sifirin ke turawa ya matse iska, ita ce ta bushe ta ƙanƙance, iska na zurarewa ta gefenta. Tsofaffin Diana na Jamus, da BSA na Ingila, da 'yan Chana irin su B2 da B3 na farko, da fata aka yi musu wannan wurin, an ɗaure ta da noti a tsakiya. Na zamani kuwa roba ce mai tauri, wadda ake cusawa a kan wani ɗan ƙullutu da ke goshin fistin. Tsohon fistin ba shi da wannan ƙullutun, goshinsa a shafe yake. Adafta ita ce ƙullutun da za ka ƙera da hannunka ka ɗaura masa, don roba ta maye gurbin fatar.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce, kuma a kan bindigar da na gada na koyi wannan aikin. Ina faɗin haka ne saboda dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasin 'yan sanda ake riƙe su, gyara wa jama'a a matsayin sana'a ma sai da izini. Bayanina na mai gyara tasa ne.

Ka fara samo robar kafin ka taɓa ƙarfe. A kan roba ake ƙera adafta, ba a ƙera adafta sannan a je neman robar da za ta hau ta. Faɗin bututun iskan ba ɗaya ba ne a kowace bindiga: akwai mai milimita 25, da 26, da 28, da 30. Diana 34 tana da 28, bindigar HW80 tana da 30. Kada ka auna tsohuwar fatar, ta riga ta canza kama; cikin bututun za ka auna, da ma'aunin nan mai muƙamuƙi na masu injin feƙe ƙarfe. Idan ba ka da shi, ka kai musu su auna, ka rubuta a takarda. Robar kan yi wuyar samu a nan, galibi sai an yi odarta ta intanet, shi ya sa kuskuren milimita ɗaya asara ce ta kuɗi da ta jira.

Kwance bindigar shi ne wurin da ake jin ciwo. Ko ba a ɗana ta ba, sifirin a matse yake a ciki, kuma idan ka zare fil ɗin baya haka kawai, murfin zai fito da ƙarfin da zai iya fasa maka haƙora ko ido. Ka tabbatar ba a ɗane take ba kuma babu dalma a ciki, ka cire katakon, ka shimfiɗa ƙarfen a kan katako mai kauri wanda ka kafa wa tokari a ƙarshensa biyu. Gaban ya tokari ɗaya, jak ɗin mota ya shiga tsakanin murfin baya da ɗaya tokarin. Ka ɗaure bututun da tsohon tib don kada ya yi tsalle. Matsa jak kaɗan har fil ya saki, zare shi, sannan ka dinga sassautawa a hankali har sifirin ya miƙe gaba ɗaya. Fuskarka kada ta kasance a saitinsa, yara kuma a kore su daga wurin.

Da fistin ya fito, kafin ka kwance komai, ka auna tsawonsa tun daga gindi har zuwa goshin fatar. Wannan awon shi ne ruhin aikin duka. Fistin da sabuwar roba dole ya dawo wannan tsawon. In ya fi haka, tafiyarsa ta ragu, ƙarfin bindiga ya ragu, wani lokaci ma hannun ɗanawa, wato ƙarfen da ke tura fistin baya idan ana ɗana bindiga, ba zai zauna a gurbinsa ba. In ya gaza, fistin zai zarce inda ya saba tsayawa ya daki hannun ɗanawa, ƙarfe na cin ƙarfe a kowane harbi. Tsohuwar fata ta riga ta ɗan lotse, saboda haka ƙarin rabin milimita ba laifi ba ne, amma kada ya wuce nan.

Notin da ke riƙe da fatar yakan yi gardama, domin wasu kamfanonin suna dake ƙarshensa ko su sa masa ɗan fil ta gefe. Ka duba da kyau kafin ka murɗa. Ka jiƙa shi da kalanzir ya kwana, ka samu sukundireba da ta cika ramin kansa daidai. Idan naka ba noti ba ne, ƙusa ce aka dake, to wannan ba aikin gida ba ne: ka kai wa masu injin feƙe ƙarfe su huje ta su yanka maka zare na milimita 5 ko 6, a tsakiya cak.

Abin da za a ƙera da shi, ni alminiyam na fi so. Magagari na cinsa cikin sauƙi, ba shi da nauyi, ba ya tsatsa. Tagulla ma ta yi. Guntun sandar alminiyam ana samunsa wajen 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa cikin Kano, wani lokaci har a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Wanda aka narkar aka zuba a ƙasa irin na tukwane ban yarda da shi ba, cikinsa duk ƙananan ramuka ne, zai iya darewa. Robar bokiti ko ta silifa kuwa kada ma ka fara.

Juya sabuwar robar ka dubi bayanta. Za ka ga ramin cikinta bakinsa a tsuke, cikinsa da faɗi. Haka adaftar za ta kasance, kamar ɗan ƙaramin bokiti: gindinta siriri yana zaune a kan fistin, bakinta mai faɗi yana kallon gaba. Wannan karkatar ce ke hana robar zamewa. Awo uku kake buƙata: faɗin bakin ramin, faɗin cikinsa, da zurfinsa. Na cikin yana da wuyar aunawa, sai ka cusa ɗan sabulu mai laushi ko kakin zuma a gefe ɗaya, ka ɓanɓaro shi, siffar karkatar za ta fito a jikinsa.

Yanko guntu wanda ya ɗan fi abin da kake so kauri da faɗi, ka huda tsakiyarsa daidai da kaurin notin. Zura dogon noti ta ramin, ka matse guntun da washa da uwar noti, ka kama jelar notin a bakin injin huji na hannu. Ɗaure injin a jikin benci. Idan ba wuta, shagon mai walda yana da janareta. Yayin da guntun ke juyawa kai kuma kana ɗora magagari, da farko a miƙe har ya zama da'ira ya kai faɗin cikin ramin, daga nan ka karkata hannu kana cin ɓangaren gindi. Amfanin wannan dabarar shi ne da'irar na fitowa ne a kewaye da ramin notin, don haka robar ba za ta zauna a karkace ba. Ka dinga tsayawa kana aunawa. Abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Ka sa tabarau, ka naɗe hannun rigarka.

Idan robar ba ta kai kaurin tsohuwar fata da washarta ba, kuma galibi ba ta kaiwa, sai ka bar wa adaftar faffaɗan gindi mai kaurin abin da ya rage, ko ka sa washa a ƙarƙashinta. Faɗin wannan gindin ya ɗan gaza na fistin, don kada ya goga bango. Goshin adaftar kuma ka fafe shi da babban bakin huji, kan notin ya nutse ciki. Wasu robobin a buɗe tsakiyarsu yake, wasu a rufe. A mai buɗaɗɗen tsakiya, ƙarfe ya zauna ƙasa da fuskar roba da ɗan kaɗan, domin roba ce ya kamata ta fara isa ƙarshen bututu. Ka goge kaifin baki da sanfefa.

Wanke zaren da sifirit ya bushe, ɗiga masa Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, ka ɗaure sosai, ka bar shi ya kwana. Noti ya kwance a cikin bututu, ɓarnar da zai yi ba ta gyaruwa. Jefa robar cikin ruwan zafi na 'yan mintoci ta yi laushi, ka maƙala gefe ɗaya, ka danna da babban yatsa har ta faɗa. Idan ta zauna daidai za ta juya da ɗan tauri amma ba za ta yi lilo ba. Sake auna tsawon fistin.

Kafin ka mayar, ka bi bakin tsagar da ke ƙarƙashin bututu da ƙaramin magagari, domin kaifinta na yanke sabuwar roba tun wajen shiga. Wanke tsohon mai tas. Fistin ya shiga da turin hannu, kada ya faɗa da nauyin kansa, kada kuma sai an buga. In ya yi tauri, ka rage gefen robar da sanfefa mai laushi kaɗan-kaɗan. Toshe ƙaramin ramin iska da ke ƙarshen bututu da yatsa ka tura: in ka ji yana turo ka baya, ya kama.

Maganar mai ina so a ji ni da kyau. Fata na shan mai, roba ba ta sha. Giris mai moli, wato mai sinadarin molybdenum, shafa ɗaya siririya a gefen roba da jikin fistin da sifirin, ya wadatar, kuma kada ya taɓa fuskar gaba. Baƙin mai ko man keke a cikin bututu kamawa yake da wuta saboda zafin matsin iska, irin yadda injin dizal ke tashi, ya ƙone roba ya karya sifirin.

Gwaji a buhun yashi ake yi, bayansa katanga, da dalma a ciki kullum. Harbin wofi na sa fistin ya daki ƙarshen bututu ba tare da iska ta tare shi ba. Hannu ɗaya ya riƙe hancin bindiga ko sandar ɗanawa duk lokacin da kake sa dalma, musamman a B3 da ta yi suna wajen datse yatsa. Ɗan hayaƙi a harbin farko-farko ba komai, amma ƙara mai kaifi da ta ƙi dainawa na nufin mai ya yi yawa, sai an sake wankewa. Idan kuma har yanzu ba ƙarfi, ɗora siririyar takarda a kan mahaɗar hanci da bututu ka harba. Ta tashi, ƙaramar robar wurin ce ke yoyo, ita ma a sauya ta.