Darasi na 9: Shirin Ba'amurke Mai Tafiya Faransa

Yau za mu karanta yadda mutumin Amurka yake shirin zuwa Faransa, da abin da zai kiyaye in ya sauka. Wasunmu suna da 'ya'ya ko jikoki masu fasfon Amurka. Ku karanta a tsanake, don ku iya yi musu tuni.

A duba fasfo kafin a ɗaure kaya

Faransa tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen bincike a tsakaninsu. Mai fasfon Amurka ba ya neman biza in ziyara ce ta kai shi. Amma an ƙayyade masa kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Kwanakin ba na Faransa kaɗai ba ne, na yankin ne gaba ɗaya. In ya yi kwana 40 a Italiya, ya wuce Jamus ya yi 30, to saura 20 ke nan gare shi a Faransa. Ko ya tsallaka Ingila, wadda ba ta cikin yankin, ya yi mako guda ya dawo, lissafi ba ya komawa farko.

Dole ne fasfon ya kasance da sauran wata uku aƙalla bayan ranar da zai bar yankin. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ma wata shida take ba da shawara. Wanda nasa ya gaza, tun a filin jirgi za a iya hana shi hawa, ya yi asarar kuɗin tikiti yana ji yana gani. Iyaye su fi kowa lura: fasfon babba shekara 10 yake yi, na yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa shekara 5 kacal.

Ya ɗauki hoton shafin fasfo a wayarsa, ya buga kwafi biyu. Ɗaya ya bar wa mutanen gida, ɗaya ya sa a jakar da ba fasfon a ciki. Akwai kuma tsarin STEP na gwamnatin Amurka, kyauta ne. Wanda ya yi rajista, ofishin jakadanci zai riƙa aiko masa da gargaɗi in wani abu ya taso.

Lafiya

Tsofaffin Amurka da yawa sun dogara da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, amma galibi ba ta biyan kuɗin jinya a ƙasar waje. Sai mutum ya sayi inshorar tafiya, ya tabbatar ta haɗa da kuɗin mayar da shi gida in ciwo ya yi tsanani. Maganin da yake sha kullum ya bar shi a kwalinsa, tare da takardar likita, ya riƙe a jakar hannu. Kantin magani a Faransa yana da alamar koren gicciye a ƙofa.

Kada a raina zafin bazararsu. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, yawancinsu tsofaffi. Gidaje da ƙananan otal da dama ba su da na'urar sanyaya ɗaki, saɓanin abin da Ba'amurke ya saba. Ya tambaya kafin ya biya.

Lambar gaggawa da ya sani ita ce 911. Ta Tarayyar Turai 112 ce. A Faransa akwai 15 ta motar asibiti, 17 ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana.

'Yan sane

Abin da ya fi samun baƙo a Paris shi ne yankan aljihu, kuma lamarin ba ƙarami ba ne. A Afrilun 2013 ma'aikatan gidan tarihi na Louvre sun ƙi aiki, aka rufe gidan yini guda, saboda 'yan sane sun addabe su. Suna aiki ne a ƙungiya, a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da gindin hasumiyar Eiffel, da layin jirgin ƙasa na RER B mai zuwa filin jirgin Charles de Gaulle. Wata za ta miƙo takarda wai a sa hannu don taimakon nakasassu, ɗan'uwanta yana laluben jaka. A hawan tudun Montmartre da ke Paris wani zai kama hannun baƙo ya ɗaura masa zare, sannan ya nemi kuɗi. Maganin abin kada a tsaya. Jaka a gaba, zif a rufe, waya ba a aljihun baya ba, ba kuma a kan teburin gidan abinci ba.

In fasfo ya ɓata, sai ya fara kai rahoto wurin 'yan sanda ya karɓi takarda, sannan ya nufi ofishin jakadancin Amurka da ke kusa da dandalin Concorde.

Dokar gida ba ta bin mutum

Izinin riƙe bindiga na Amurka ba ya aiki a Faransa. Mata Musulmi su sani, tun 2011 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, kuma ta shafi baƙi. Niƙabi yana iya jawo tarar yuro 150, ɗankwali da mayafi kuwa ba laifi a titi. Mai shigowa da tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye sai ya shaida wa kwastan. In ya ga zanga-zanga ya sake hanya, don barkonon tsohuwa ba ya tambayar wane ne baƙo.

Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Faransa 230, bakin soket ɗin ma daban. Cajar waya yawanci tana ɗaukar duka biyun in an sa mata mahaɗi, amma a karanta rubutun jikin kowace na'ura kafin a jona.

Aiki

1. Wata mata ta yi kwana 25 a Sifen da 50 a Jamus a jere. Kwana nawa suka rage mata a Faransa?
2. Ku rubuta lambobin gaggawa huɗu masu aiki a Faransa da muka karanta, da amfanin kowacce.
3. Me baƙo zai fara yi in fasfonsa ya ɓata?