Kafin a ɗauko wa tsoho mai jinya a gida

'Yan uwa da ke aiki a birni, tsoho yana kwance a ƙauye: kafin ku ɗauki mai jinya, ku fara zuwa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku. Ma'aikatan lafiya na wurin, irin waɗanda suka yi karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun a jihar Jigawa, sun san wanda ya iya aikin. Mace ga mace, namiji ga namiji, saboda wanka da tsarki.

A yanke albashi da ranar hutu a gaban mai unguwa. A tanadi wanda zai karɓi mai jinyar ranar kasuwa da lokacin damina, don nan ne ake barin tsoho shi kaɗai.

Babban abin gwaji shi ne juyi. Wanda ba ya iya motsi a juya shi duk bayan awa 2, har da dare. A duba ƙugu, dunduniya da kafaɗa kullum. In wuri ya yi ja ko duhu, aka danna bai canza ba, gyambon kwanciya ne ke tafe. Kada a murza shi, a ɗauke nauyi daga kansa. Leda ta zauna ƙarƙashin zani, kada ta taɓa fata, zafi da gumi ke ɓata fatar.

Kunu ko fura, a zaunar da shi tukuna, a bar shi zaune minti 30 bayan ya gama, kada ya shaƙe.

Magani kuwa, a sayi littafi ɗan ƙarami, mai jinyar ya riƙa rubuta lokacin da ya ba shi.