Yadda ake gano domen da renj a aljebra

Ɗauki fankshin kamar injin niƙa: ka zuba x, y ta fito. Mu gwada da y = 6/(x − 2).

Da farko duba ƙasan layin. Ba a raba lamba da sifili, to wace x ce za ta mai da x − 2 sifili? 2 ce. Cire ta. Sauran lambobi duka su ne domen, wato abin da injin ke karɓa. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, kada ka yi gaggawa.

Sai renj, abin da ke fitowa. Saka 8, ka sami 1. Saka 602, ka sami 0.01. Ka ga y tana kusantar sifili amma ba za ta kai ba, tunda 6 ce a sama. Renj ke nan: kowace lamba ban da 0.