Yadda Ake Zaɓen Gam Idan Za a Sauya Gilashin Gaban Mota

Da farko, a duba yadda aka ɗora tsohon gilashin. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504 roba ce ke riƙe da gilashinsu, amma yawancin motocin da ke yawo a Gombe yanzu manna shi ake yi da jikin mota, kuma waɗannan gam ɗin yuretan kawai ya dace da su.

Na biyu, kada a yarda da silikon komai arahar sa. Yana tare ruwa, amma ba shi da ƙarfin riƙe gilashi idan an yi hatsari, alhali jakar iskar fasinja kan jingina da gilashin ne yayin da ta buɗe. Wannan ne kuskuren da ya fi damuna, domin a ido aikin yakan yi kyau.

Na uku, a nemi samfurin yuretan da aka sani, kamar SikaTack ko Betaseal, a karanta ranar ƙarewar wa'adinsa, sannan a sayi baƙin ruwan share fagen da kamfanin ya tanadar masa, wato ruwan da ake shafawa kafin a sa gam.

Na huɗu, bakanike ya kankare tsatsa, ya bar siririn tsohon gam kimanin milimita 1 zuwa 2 don sabon ya kama.

Daga nan sai haƙuri. Danshin iska ne ke busar da yuretan, saboda haka a lokacin hunturu yakan ɗauki lokaci fiye da damina. A bi sa'o'in da aka rubuta a jikin kwalin kafin a tuƙa, kuma a ɗan sauke gilashin ƙofa kafin rufe ta.