Yadda ake zaɓa da ɗaura turken waya a lasifika da amfilifaya

Mutum zai yi sati uku yana yankan katako, yana goge akwatin lasifika, yana lissafin faɗin cikinsa, sai ranar ƙarshe ya huda rami biyu a baya cikin minti biyar, ya cusa duk turken da hannunsa ya kai. A nan na ga yawancin sababbin hannu suna tuntuɓe. Turke nake kiran ƙarfen nan mai hula ja ko baƙa da ake murɗawa a kama waya, don aikinsa ke nan: ya riƙe abin da aka ɗaure masa, kada ya motsa.

Fara da zaɓe. Maƙalin nan mai sifirin da ake dannawa a zura waya, ka bar shi. Siririyar waya kawai yake ɗauka, kuma sifirin ɗin yana saki da tsufa. Jak mai milimita 6.35 irin na jita shi ma ban yarda da shi a lasifika ba, domin lokacin zura shi ko zare shi bakinsa yana iya haɗa wayoyin biyu. Idan lasifikar ta ɗaki ce, sayi turke mai rami a ka da rami a gefe, wanda ke karɓar filogin ayaba mai milimita 4, wato ɗan sandan ƙarfen da ake sa wa bakin waya a soka a rami, da mai ƙaho biyu, da tsurar waya. Idan kuwa ta taro ce da za a riƙa ɗauka ana saukewa, Speakon na kamfanin Neutrik za ka sa. Ana zura shi a murɗa ya kulle, babu ƙarfe a waje da hannu zai taɓa. Samfurinsa NL4 ya ishe ka, jar waya a inda aka rubuta 1+, baƙa a 1−.

Ka tafi da maganaɗisu wajen saye. Turken da ya manne masa baƙin ƙarfe ne aka yi wa ado, ajiye shi. Tagulla ta wadatar. Ruwan zinaren da ake shafawa tsatsa yake hanawa, ba ya ƙara wa sauti komai, don haka kada ka zuba kuɗin da ya kamata ya tafi kan lasifikar kanta a kan hula mai ƙyalli. Duba tsawon gindin kuma: katako mai kaurin milimita 18 yana cinye gajeren gindi, ka rasa inda noti zai kama.

Tsakanin ramukan biyu ka auna milimita 19, daga tsakiya zuwa tsakiya. Shi ne tazarar tagwayen filogin ayaba. Wannan tazarar ta yi daidai da ta soket ɗin wutar gida a ƙasashen Turai da yawa, shi ya sa ake toshe ramin turken kayan da ake sayarwa can da ɗan roba, kada wani ya soka wayar lasifika a wuta.

Yanzu wurin da ya cinye ni. A katako turke ba shi da matsala, wutar lantarki ba ta bin katako. A jikin amfilifaya na ƙarfe kuwa, dole turke ya ratsa ramin ba tare da ya taɓa gefensa ba. Turken da aka yi don jikin ƙarfe yana zuwa da wasa biyu na roba, wato zobban da ake zurawa a gindinsa, ɗaya mai ɗan wuya da ke shiga cikin ramin, ɗaya shimfiɗaɗɗe da ke zama ta ciki. Na taɓa huda rami da ya yi wa wuyan kaɗan, na ƙi faɗaɗa shi, na juya wasan na ɗaure a haka. Da ido lafiya lau. Baƙin turke ne, sai na ce ai baƙi dama ƙasa ne, wato layin da ba ya ɗauke da sigina, ko ya taɓa jiki babu komai. Ina kunnawa na ji ɗan ƙas, sai wari. Amfilifayar irin wadda ake haɗa fitarta gada ce, wato ja da baƙi duka suna ɗauke da sigina, babu wanda yake ƙasa a cikinsu. Yawancin ƙananan allunan ajin D haka suke, har da masu TPA3116. A irinsu, baƙi ya taɓa jiki ko ka haɗa baƙin hagu da na dama, ka yi shot, wato wuta ta haɗu. Wani allon yana kashe kansa ya tsira, nawa bai tsira ba.

Saboda haka huda ramin daidai wuyan wasan, ka kankare ƙaiƙayin ƙarfen da ke bakinsa, don shi ke huda roba idan an matse. Ɗaura, sa mitarka a wurin da take ƙara idan waya ta haɗu, ɗora tsinke ɗaya a turke ɗaya a jikin amfilifaya inda babu fenti. Shiru kake nema. Yi wa duka huɗun, ka sake yi bayan matsewar ƙarshe, domin matsewa ce ke karkatar da turke.

Wajen liƙi da dalma, kada ka ɗora ayan liƙin a kan turken yana ɗaure. Ƙarfen yana shanye zafi, kafin dalma ta narke robar ta riga ta narke. Liƙa wayar a ɗan kunnen da ke zuwa da shi tukuna, ya huce, sannan ka zura shi ka ɗaure. Sa wasa mai haƙora da noti biyu, in ba haka ba duk ranar da aka murɗa hula da ƙarfi turken zai juya ya tsinke wayar ciki. A akwatin da ba shi da ramin iska, shafa silikon kewaye da ramin, ko ka ji yana fito idan bes ya buga.

Tsurar wayar da za ta shiga ƙarƙashin hula kada ka shafa mata dalma, tana lotsawa a hankali ta saki. Murɗe silin kawai, ka tabbata babu ko ɗaya da ya leƙa wajen maƙwabcinsa. Daga ƙarshe taɓa batir mai volt 1.5 a turakun lasifikar, kansa a ja, gindinsa a baƙi. Fatar lasifikar ta turo waje, daidai ne. Ta shige ciki, juya wayoyin.