Ɗaukar kular abinci a kan babur

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tafiya aiki da abincin gida a babur, ga abin da na koya bayan miyar kuka ta ɓata min wando har sau biyu.

Kada ka rataya jakar a hannun babur. Nauyinta yana jan kan mashin gefe ɗaya, musamman a kwana. Ajiye ta kan tanki ma ba dabara ba ce, kana taka birki za ta zame.

Kariyar baya ce wurinta. Ka je wajen mai faci ya yanka maka tsohon tiyub dogo, ka ɗaure jakar a gicciye. Ya fi igiya riƙo saboda yana ja. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa don gargada.

Miya kuwa, a ƙulla ta a leda tukuna, sannan a sa a ƙaramar roba mai murfi, tuwo a ƙasa, ita a sama. Ni dai ban yarda da murfin kula ba, ko sabuwa ce. Kafin ka tashi, duba kada bakin tiyub ɗin ya sauko kusa da taya ko salansa.