Ga mai zuwa Kumasi karatun likitan dabbobi

Ƙannena masu shirin zuwa Kumasi karatun likitancin dabbobi, maza da mata, ku fara bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai digirin DVM, wanda ake shiga bayan sakandare a yi shekara 6, a fito likitan dabbobi mai duba garke da rubuta magani. Akwai kuma digirin digirgir na bincike, wanda sai mai digiri na biyu yake nema, kuma a nan malamin da zai duba aikinka ya fi sunan jami'a muhimmanci. Kada ka biya ko sisi sai ka san wanne kake so.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda kowa a garin nan yake kira Tek, ta buɗe makarantar likitan dabbobi a 2009, Jami'ar Ghana da ke Legon ma a wannan lokacin ta buɗe tata. Kafin nan duk likitan dabbobin Ghana a waje ya yi karatu. Wanda ya fito daga makarantar likitan dabbobi ta Zariya, ko ya san cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Najeriya da aka kafa tun 1924, zai ga makarantar nan yarinya ce. Ni ban ɗauki wannan aibi ba. Manyan malaman nan sun zauna a ƙasashe daban-daban, kowa ya dawo da irin horonsa da abokan aikinsa, kuma ɗalibi mai buɗaɗɗen ido yana cin moriyar wannan.

Maganar takardu gajera ce amma ba a wasa da ita. Ɗan ƙasashen ECOWAS yana shiga Ghana ba biza ya zauna kwana 90, sai dai wannan ba izinin zaman karatu ba ne. Kana bukatar katin shaidar baƙi daga hukumar katin ɗan ƙasa, da izinin zama daga hukumar shige da fice, kuma ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'a ne zai ba ka wasiƙar da za ka kai. Ɗan Nijar ya tambayi ofishin jakadanci halin da ake ciki kafin ya taso, tunda ƙasarsa ta fita daga ƙungiyar. Riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Kuɗin makarantar baƙi da dala ake lissafa shi, saboda haka ka yi wa iyayenka bayani tun wuri, kada su auna shi da sidi, kuɗin Ghana. Kuma tun kafin ka taso, je majalisar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a ƙasarka, ka tambaya a rubuce me za ta nema daga mai takardar Ghana idan ya dawo.

Wajen masauki, Ayeduase da Kotei da Bomso su ne unguwannin ɗalibai, kana iya takawa da ƙafa zuwa aji. Zangon Ayigya yana kusa da mahaɗar Tek, akwai masallatai da masu tuwo da koko da ƙosai. Aboabo da Asawase da Sawaba sun fi nisa, sai ka hau trotro, wato ƙaramar motar haya, amma can ne za ka ji Hausa ta cika maka kunne. Masu gidaje suna neman kuɗin shekara gaba ɗaya, kada ka biya ɗakin da ba ka gani da idonka ba. Ka koyi gaisuwa da Twi, harshen mutanen garin, tun makon farko. Hausar Zango kuma tana da nata salo, kada ka zo kana gyara wa dattawa magana, kakanninsu sun zauna a garin nan tun zamanin fataucin goro.

Akwai abin da gara in faɗa maka tun yanzu. Za ka taɓa alade, za ka taɓa kare. Kudancin Ghana ana kiwon aladu sosai, zazzaɓin aladu na Afirka yana yi wa manoma ɓarna, kuma ba za ka ci jarrabawa ba tare da ka shiga garkensu ba. Na ga ɗalibai Musulmi da wannan ya dame su ƙwarai. Je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaye shi hukuncin tsarki, ka tanadi safar hannu da takalmin roba da rigar aiki da ba ka salla da ita. Ka nemi allurar rigakafin haukan kare kafin ka fara aiki a asibitin dabbobi, domin cutar nan idan alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Dabbobin ma ba irin na gida ba ne. Kumasi daji ne mai damina biyu a shekara, ƙudan tsando yana nan, sammore yana nan, kaska da kirci suna cin fatar shanu. Shi ya sa za ka ga gajerun shanu irin muturu da Ndama, da tumakin Jalonke, da gajerun awaki, waɗanda suke jure abin da zai kwantar da farar saniyar Bunaji ko Bokolon Sakkwato. Ɗan makiyayi da ya taso cikin garke yakan zo yana jin ya san saniya. Ya sani, amma saniyar Sahel ya sani, sai ya sake zama ɗalibi.

Inda nake so ka fi ba ƙarfi shi ne mayankar Kumasi da ke Kaase da karar shanun da ke gefenta. Shanu da yawa da ake yankawa a nan daga Burkina Faso da Mali da Nijar suke, sun ratso ta Paga, kan iyakar Ghana da Burkina Faso, a manyan motoci. Dillalai da mahauta da masu rakiyar shanu da yawa suna jin Hausa, wasu Fulatanci. Abokin karatunka zai duba huhu ya ga ciwon huhu, ya duba hanta ya ga tsutsa, ya rubuta a takarda. Kai kana iya zama da Alhajin da ya kawo shanun, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambaye shi daga wace kasuwa aka loda su, kwana nawa suka yi a hanya, wace allura aka yi musu kuma yaushe. Wannan tambaya ta ƙarshe babba ce, domin ana yi wa dabba maganin kashe ƙwayoyin cuta yau a yanka ta gobe, ragowar maganin ya shiga tukunyar mutane, ƙwayoyin cuta su saba da shi har ya daina aiki. Ba za su gaya wa baƙo mai farar riga gaskiyar wannan ba, amma suna gaya wa wanda ya ce “Baba, ina gajiya” ya zauna a benci tare da su. Ka fara da gaida sarkin fawa, kuma kada ka yi amfani da abin da aka gaya maka cikin amana ka kunyata wani. Ɗalibin digirgir da ya riƙe wannan amana ya samu abin bincike da masu zuwa daga Turai suke kashe kuɗi mai yawa su nema.

A nan ne kallon duniya yake farawa, ba a filin jirgi ba. Cutar dabbobi ba ta san iyaka ba. Murar tsuntsaye ta bayyana a Najeriya a 2006, ta iso Ghana a 2007. Ciwon saifa ya ɓarke a yankin Bolgatanga a 2023, aka hana zirga-zirgar dabbobi na wani lokaci. Bushiya, wadda ta ƙarar da shanun kakanninmu, sai da ƙasashe suka haɗa kai kafin a sanar da kawar da ita daga duniya a 2011, kuma yanzu an sa 2030 a gaba don kawar da annobar awaki da tumaki. Ka saba da karanta ƙa'idojin Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da ke Paris, domin da su ake cinikin dabbobi da nama tsakanin ƙasashe. A cikin harabar Tek akwai cibiyar bincike ta KCCR, haɗin gwiwa da wata cibiyar Hambug ta Jamus, a Legon kuma akwai cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi. Idan sun yi taron ƙara wa juna sani, ka je ka zauna ko ba a gayyaci ajinku ba, ka ji yadda likitan mutane da likitan dabbobi suke aiki kan cuta guda.

Ka koyi Faransanci, da gaske nake. Ghana tana kewaye da Togo da Burkina Faso da Kodibuwa, kuma likitoci da yawa na waɗannan ƙasashe a makarantar likitan dabbobi ta Dakar, inda ake koyarwa da Faransanci, suka yi karatu. Ɗan Nijar ya riga ya samu wannan, shi Turanci zai dage a kai.

Mai burin aiki a Ingila ko Amurka ya sani cewa takardar Kumasi kaɗai ba ta ba shi lasisi a can, akwai jarrabawa masu tsada da zai zauna. Mai neman tallafin karatu na DAAD na Jamus ko na Commonwealth kuma ya fara tara abin nunawa tun yana aji huɗu, kuma ya rubuta aikin kammalawarsa da niyyar a buga shi a mujallar ilimi. Lokacin hutu, maimakon ka zauna a ɗaki, nemi wasiƙa daga makaranta ka je Pong-Tamale a arewa, inda ɗakin gwajin dabbobi da kwalejin lafiyar dabbobi suke, ka ga zabi da shanun da suka fi kama da na gida, ka kwatanta da abin da ka gani a Kaase.